Ƙulli Biyu a Bakin Buhun Wake

Edita, assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ni mutum ne da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, sannan ya ajiye alli ya koma manajan wani ɗan kamfanin hatsi na yayan matarsa. Duk wanda ya daɗe a gaban allo yana fitowa da wata larura da ba a ba shi magani a asibiti: yana ganin kowa ɗalibi ne, kuma duk abin da ba a rubuta ba bai faru ba. Ni na fito da ita cikakkiya. Ina karanta jarida har shafin talla, ina gyara wa mutane nahawu a wurin ɗaurin aure, ina kuma da tabbacin cewa abin da ya hana ƙasarmu ci gaba rashin tsari ne kawai, tsarin kuwa yana cikin kaina. Na rubuto ne domin in faɗi yadda wannan tabbaci ya kusa sa ɗaliban makarantar kwana guda su ci guba a farantin abincin rana, da kuma inda gubar ta sauka a ƙarshe. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu, kuma sun fi ni kawaici.

Kamfanin namu ba wani babba ba ne. Sito uku gare mu, ɗaya a Anka inda ofishina yake, ɗaya a Gummi, ɗaya a Bukkuyum, sai motar ɗaukar kaya guda da direbanta. Muna sayen gero da dawa da wake da kaka, mu ajiye, mu riƙa kai wa makarantu da masu gidajen abinci. Alhaji mai kamfanin ya fi zama a Gusau, ya bar min ragamar komai. Da farko nakan zaga sitocin nan duk mako. Amma a shekarun nan hanya ta fara canza hali. Ka ji an tare mota a wuri kaza da hantsi, gobe ka ji an kwashe shanun wata ruga, jibi ka ga direbobi sun tsaya a bakin gari suna tambayar na gaba ko lafiya ya baro baya. Matata ta fara tsayawa a ƙofar zaure duk ranar da zan fita, tana bi na da kallo. To cikin wannan hali ne wani mai tallar manhaja ya zo mana daga Kaduna, da takalmi mai sheƙi da kwamfuta a jakar baya.

Ya bayyana mana cewa manhajarsu ba a cikin kwamfuta take ajiye bayanai ba, tana aika su ta intanet zuwa wasu manyan na'urori a wata ƙasa, abin da masu sana'ar ke kira gajimare. Mai sito zai danna a wayarsa a Bukkuyum, ni in gani nan take a Anka. Kowane rukunin buhuna yana da layinsa: kore idan kayan a shirye suke a fitar, ja idan an dakatar da su. Ya ce zan ga sito uku ba tare da na ɗaga ƙafa daga kujera ba. Ni da na koyar da yara cewa gajimare a ƙasarmu wata huɗu yake yi ya tafi, ban tsaya na tambayi yadda nasa yake yi da rani ba. Don adalci, mutumin ya bar min ɗan littafin bayani, kuma a shafi na uku an rubuta ƙarara cewa idan babu sabis waya za ta riƙe abin da aka shigar har sai sabis ya dawo. Na karanta shafin. Na ma ja layi a ƙarƙashin wani kuskuren rubutu da ke cikinsa.

Mai kula da siton Bukkuyum wani dattijo ne da kowa ke kira Baba. Asalinsa daga ƙauyukan wajen Tungar Daji yake, kuma a shekarar da gubar dalma ta shiga gidaje ta hanyar dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, ya binne jikoki biyu a mako ɗaya. Bai taɓa ba ni labarin da bakinsa ba, a wurin 'yan dako na ji. Tun daga nan ya zama mutum mai tsoron duk abin da ke kashewa ba tare da an gan shi ba. Yana da wata al'ada da ya gada a wurin masu ajiyar hatsi na da. Wake ba ya jure ajiya, ƙwari ke cinye shi, don haka wanda za a ajiye har bazara akan barbaɗa masa hodar maganin ƙwari, kuma ba ya ciwuwa sai ya yi watanni, an shanya an sheƙe an wanke. Duk buhun da Baba ya sa wa magani sai ya ɗaure bakinsa da ganyen kaba, ya yi ƙulli biyu. 'Yan dako sun san alamar, matan ƙauye sun san ta, har makafin kasuwa idan suka shafa sun san ta. Sannan buhu ba ya fita daga sitonsa sai yana tsaye, ya dafa shi da hannu.

Ni kuwa kabar nan ta tsone min ido. Na sayo sababbin buhuna masu tambarin kamfani da ɗan injin ɗinke baki, na ce daga yau buhunmu zai fita fes kamar na kanti, babu wani ganye da zai riƙa reto a jikinsa. Na saya wa Baba waya, na zauna kwana biyu ina koya masa, domin ya yi yaƙi da jahilci, yana iya haɗa baƙi. Ya koya da sauri fiye da wasu da na yaye da takardar shaida. Da na gama sai ya tambaye ni, cikin ladabi, idan ya danna ja a nan, wa zai gaya wa ɗan dakon da bai riƙe waya ba. Na ce masa ɗan dako umarni yake bi, umarni kuwa daga ofis zai fito. Ya sake tambaya, to idan wayar ta yi barci fa. Na yi dariyar malamai, irin wadda ake yi wa yaron da ya tambayi inda rana take kwana, na ce masa waya ba ta barci. Ya ce to, Allah shi sa haka na. Ban tsaya nan ba. Na yanka wa direba makullin kowane sito, na kafa doka cewa takardar da kwamfuta ta fitar ta isa a ɗauki kaya, ko mai sito yana nan ko ba ya nan, domin na gaji da jin an ɓata wuni ana jiran Baba ya dawo daga masallaci ko daga gaisuwa.

Wata biyar komai ya tafi daidai, kuma ba zan ci amanar manhajar in ce ba ta yi amfani ba. Na daina tambayar buhu nawa ya rage, na daina aika mota inda babu kaya, na daina hawa hanyar da ke sa matata tsayuwa a zaure. Sai dai akwai wasu ƙananan abubuwa da suka riƙa wucewa ta gabana kamar ɗalibin da ke zama a bencin baya. Wani lokaci layin Bukkuyum ya yi kwana biyu bai motsa ba, sai rana ɗaya ya zubo abubuwa goma a tare. Na ji ana cewa idan man injin da ke ba turken sabis wuta ya ƙare, mai kawo man sai ya ga hanya ta yi kyau yake tasowa. A can ƙasan allon kuma akwai wani ɗan rubutu mai launin toka, ƙanana kamar ƙwayar gero, da ke faɗin ranar da kowane sito ya yi magana na ƙarshe. Shekara ashirin ina gaya wa yara su karanta tambaya har ƙarshe kafin su amsa. Ni idona a kan kore yake tsayawa.

Wata Talata da rani, wata makarantar kwana da muke kai wa kaya a Gummi ta aiko tana son wake buhu talatin. Siton Gummi babu wake. Na duba allo, na ga Bukkuyum akwai talatin da biyar, layinsu kore shar. Na fitar da takarda na ba direba, mutumin kirki mai 'ya'ya huɗu, wanda gidansa ke bayan ofishinmu, layi biyu tsakani. Ya tashi Laraba da safe, ya dawo kafin magariba, ya ce ya sauke kaya lafiya. Ya ƙara da cewa bai tarar da Baba ba, an ce an yi masa rasuwa a ƙauye ya tafi zaman makoki, shi ya buɗe da makullinsa 'yan dako suka loda. Na ce madalla, ai amfanin tsari ke nan. Na tuna na faɗi haka, domin jimlar ta daɗe tana dawo min.

Alhamis da hantsi ina zaune ina shan shayi, allon yana buɗe a gabana, sai na ga layin Bukkuyum ya yi ɗan motsi. Wata 'yar da'ira ta juya, ta sake juyawa. Sai layin waken ya tashi daga kore ya koma ja, a kan idona, babu ƙara babu komai. A gefensa ga rubutun Baba, da haruffan da na koya masa inda suke: an ga ƙwari, an sa magani duka, kada a fitar. Ranar da ya rubuta kuwa Litinin. Dattijon ya yi duk abin da na ce ya yi. Ya danna ja tun kwana uku da suka wuce, wayar ta karɓa ta riƙe a cikinta, ya sa ta a aljihu ya tafi makoki da zuciya ɗaya. Sai a safiyar nan ya ratsa inda sabis yake, saƙon ya taso. Na kalli ɗan rubutun toka a karon farko a rayuwata. Na kuma san jadawalin abincin makarantar nan, domin ni na tsara musu yadda za mu riƙa kai kaya: ranar Alhamis shinkafa da wake ake ci da rana.

Na kira shugaban makarantar, wayarsa a kashe, domin ba ya shiga aji da ita. Na kira mai siton Gummi, aka ce ba a samun layin. Na kira, na sake kira, har na gane ina ɓata lokacin da ba nawa ba. Motar kamfani ba ta bakin ofis, direban ma bai fito ba, kuma ban tsaya tambayar dalili ba. Na tari ɗan kabu-kabu na ce Gummi. Ya dube ni, ya dubi rana, ya ce shi iyakarsa mararraba, daga can in nemi wani. Haka na yi tafiyar nan a kan babur uku, ni da ban taka hanyar ba wata biyar. Ba mu haɗu da kowa ba, kuma wannan ne abin tsoron. Akwai wani wuri mai duhuwar itatuwa inda mai babur ya daina magana, ya kwanta a kan tanki, ya murɗa. Muka wuce wata mota da aka bari a gefen hanya, ƙofofinta huɗu a buɗe, takalmi ɗaya a ƙasa. Ni duk wannan bai shiga kaina sosai ba. Lissafin da nake yi shi ne ƙarfe nawa ake jiƙa wake, ƙarfe nawa ake ɗora tukunya, ƙarfe nawa ake buga ƙararrawa. Na san layin abinci a makarantar kwana. Ƙananan ake fara zuba wa.

Na isa an riga an buga ƙararrawa. Tun daga ƙofa na hango yara a zazzaune a gindin bishiyoyi, kowa da farantinsa a cinya, hannu yana kai wa baki. Na ƙarasa wurin wani ɗan aji ɗaya na leƙa farantinsa. Shinkafa ce fara da mai da yaji, babu ƙwayar wake ko ɗaya. Yaron ya ja farantin jikinsa, yana tsammanin zan ci masa.

A bayan madafa na sami shugabar masu girki, wata tsohuwa da yara da malamai duk ke kira Inna. Buhunanmu masu tambari suna jingine can nesa da sauran kayan abinci, an lulluɓe su da tabarma an ɗora dutse. Uku an farke bakinsu. Na gabatar da kaina ina haki. Ba ta amsa gaisuwata ba, ta kwance bakin zanenta ta ciro wasu 'yan guntayen kaba guda uku ta jera a tafin hannunta. Kowanne da ƙulli biyu. Ta ce da ta farke buhun farko ta tarar da guntun kabar kwance a kan waken, daga ciki, sai ta farke na biyu da na uku don ta tabbatar. Ashe da na hana Baba ɗaurawa a waje, sai ya koma sakawa a ciki kafin ya ɗinke, bai gaya min ba, don kada ya saɓa wa manaja. Inna ta dube ni daga hula har takalmi ta ce: “Malam, wanga wake ba na ci na ba. Wanda ya ƙulla ya san aikinai. Kai da ka aiko shi, mi kaka yi?” Na buɗe baki zan yi mata bayanin sabis da gajimare, sai na ji bayanin ba zai yi kyau a gaban tukunya ba. Ta ce in sha ruwa, fuskata ta yi fari.

Ina cikin shan ruwan, ina jin kamar an sauke min dutse daga ƙirji, sai ta tambaye ni ko na lura buhu ɗaya yana da huda a gefe, an toshe da leda. Na ajiye ruwan. Akwai al'adar da ta girme ni a harkar hatsi, wadda manhaja ba ta da layinta: direban da ya ɗauko kaya yakan ɗebi tiya guda ya kai gida. Halal ɗinsa ne, Alhaji ya sani, ni ma na sani. Kuma direba ba ya farke bakin buhu. Ƙarfen nan mai rami yake soka wa a gefe, hatsi ya zubo, ya toshe. Bai ga kaba ba, ba yadda za a yi ya gan ta. Sai a lokacin na tuna motar da ba ta bakin ofis da direban da bai fito ba. Na ratsa daji a kan babur uku domin in tare abin da wata tsohuwa ta riga ta tare, alhali inda ake bukatata yana layi biyu daga kujerata.

Matar direban ta dafa waken a daren Laraba, suka ci da yara. Kafin gari ya waye duk gidan suna amai da ciwon ciki, suka ɗauka ruwa ne. Manyan suka farfaɗo. 'Yar autarsu mai shekara huɗu, wadda ta fi kowa son wake har ta suɗe na yayarta, ita ce jikinta ya saki, miyau yana zuba, idanu sun ƙanƙance. Da hantsin Alhamis, lokacin da nake shan shayi, uban ya sa ta a motar kamfani ya yi asibiti da ita, kuma ma'aikatan suka yi ta tambayarsa abin da ta ci, ya ce abinci ne kawai irin na kullum. Da na tsaya na leƙa gidansa kafin in hau babur, da an san abin da ake yaƙi da shi tun kafin azahar. Sai da la'asar sakaliya na samu layin direban daga Gummi na faɗa wa ma'aikatan asibitin sunan hodar. Yarinyar ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi kwana tara a gado, ta yi makonni tana bin bango kafin ta tsaya da ƙafafunta.

Na je gaishe su da kwanon fura da kalmomin da na shirya tun a hanya. Uban ya tarbe ni a zaure, ya shimfiɗa min tabarma, ya saurare ni har na gama. Ya ce haka Allah ya ƙaddaro, kuma shi ma da hannunsa ya ɗebo. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro makullan sito uku ya ajiye a gabana, ya ce: “Malam, riƙe min waɗanga. Ni mota ni iya.” Bai bar aiki ba, bai taɓa ɗaga min murya ba, har yau yana gaishe ni kafin in gaishe shi. Da ya zage ni a bainar jama'a da na fi samun sauƙi. Baba kuma da ya dawo ya ji labari, bai ce ai ya faɗa ba. Ya tambaya ko yarinyar tana cin abinci, sannan ya tambaya ko yanzu an yarda ya mai da kabar waje.

Mai karatu, musamman mai ɗan kamfani da aka zo masa da kwamfuta a jakar baya, ba ina ce maka ka kore shi ba ne. Har yau muna amfani da manhajar, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Abin da aka gaya mata take faɗi, a lokacin da hanya ta buɗe mata. Kore a allonka ba yana nufin kaya lafiya suke yanzu ba, yana nufin lafiya suke a ranar da sito ya yi magana na ƙarshe, kuma a garuruwa irin namu tsakanin ranar nan da yau ana iya yin kwana uku. Tambayi mai talla abin da ke faruwa idan sabis ya ɗauke, ka sa shi ya kashe wayarsa ya nuna maka. Nemi ɗan rubutun toka ka karanta shi kafin ka karanta komai. Kada ka ɗauka na'ura ta san tiyar direba da makokin mai sito da sauran abubuwan da ake yi a gidanka ba a rubutawa. Kuma idan ka tarar da wani dattijo yana yin wani abu da kake gani ƙauyanci ne, ka tambaye shi abin da yake tarewa kafin ka hana shi.

Yarinyar ta girma, tana wucewa ta gaban ofishina kowace safiya da jakar makaranta, ƙafar hagu tana ɗan ja idan ta gaji. Likita bai yarda ya ce daga nan ne ba, ni ma ban matsa ya faɗa ba. Takan tsaya ta ce ina kwana Malam, domin ba wanda ya gaya mata. A kan teburina, kusa da kwamfutar, akwai damin kaba. Baba ya koya min ƙullin, sai da na yi kwana biyu kafin hannuna ya faɗa.